Man tsiro mai shiga ruwa: zurma da asid, ko akwai hanyar da ta fi?

Ɗan Majema:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan man da ake shayar da fata ne bayan an gama jima, wanda ake damawa a ruwan ɗumi a zuba a durom. Ana shigo da shi daga waje da tsada, alhali asalin yawancinsa man tsiro ne ko man kifi da aka sarrafa. Ga zurma tana fitowa har a bola, ga gyaɗa, ga angurya, ga alayyadi. Ina so masana su warware mana: wane mai ya fi dacewa, wane sinadari, nawa ake sawa, a wane zafi? Kuma me ke sa wanda aka haɗa a gida ya yi kyau ranar farko, bayan mako uku a tarar ya rabu biyu a jarka yana wari?

Dakta Sinadari:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga awo, a gyara kalma ɗaya: man ba narkewa yake yi kamar sukari a shayi ba. Ƙwayar man tsiro gilisarin ce riƙe da dogayen wutsiyoyi uku, yawancinsu masu kabon 16 zuwa 18, kuma babu abin da ruwa zai kama a jikinsu. Abin da ake yi shi ne a ɗaura wa ƙwayar kai mai son ruwa. Idan ta shiga ruwa sai ƙwayoyin su dunƙule, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Curin ya yi ƙanƙanta, ƙasa da nanomita 100, ka ga ruwan garau ko da ɗan shuɗi-shuɗi. Ya fi haka girma, ka ga fari kamar madara. Ya ƙara girma, mai ya taso sama.

Kawunan da ake ɗaurawa ba su da yawa. Akwai na sabulu. Akwai salfet, da salfonet, waɗanda sunansu ya yi kama amma halinsu daban. Akwai sarƙar PEG, wani sinadari mai son ruwa, wadda ba ta da caji. Akwai na amin mai caji kishiyar na sabulu. Kowane kai da abin da ke kashe shi, saboda haka amsar tana ga ruwan da man zai shiga.

Uwar Sabulu:
To Dakta ai sabulun ruwa ma hakan ne, kuma shi ne mafi sauƙi. Kilo ɗaya na man zurma yana cin giram 180 na KOH tsantsa, wato kostik fotash. Tunda na kasuwa kashi 90 ne, sai a auna giram 200. Man gyaɗa wajen giram 211, alayyadi wajen 272. A dafa a digiri 70 zuwa 80 har ya zama kamar teba mai haske, a tsinka da ruwan zafi. Sabulun zurma yana shiga ruwa tangaran. Me zai hana a shayar da fata da shi?

Ɗan Majema:
Hajiya, matsalar tsami ce. Fatar da aka jeme da kurom tana fitowa a pH 3.5 zuwa 4, pH kuwa ma'aunin tsami ne, duk abin da ke ƙasa da 7 mai tsami ne. Ko an rage mata tsami da sodiyam fomet da bakar soda, iyakarta 5 zuwa 6. Sabulu kuwa da zarar ya sauka ƙasa da 7 ya fara komawa kitse. Sai ya zauna a fuskar fatar, ciki ya bushe ƙamas, waje ya yi maiƙo, fenti ya ƙi kamawa. Ga kuma kurom ɗin da kansa yana haɗuwa da sabulu ya yi tabo mai danƙo da ba ya wankuwa.

Dakta Sinadari:
Haka ne, ga kuma ruwan rijiya da na burtsatse mai kalsiyam da magniziyam, shi ma yana tsinka sabulu ya yi gudaji. Wannan raunin ne ya sa marina a Turai suka koma man da aka yi wa asid. Tun shekarun 1830 aka fara gwada salfiyurik asid a kan man zaitun, zuwa shekarun 1870 man zurma ya karɓe wurin a rinin jan nan da ake kira jan Turkiyya, shi ya sa har yau a kasuwa sunan man ke nan, man jan Turkiyya.

Dalilin fifikon zurma: kashi 85 zuwa 90 na wutsiyoyinta risinoliyik ne, mai ɗauke da OH, wato oksijin haɗe da haidirojin, a kan kabon na 12. Wannan OH ɗin shi ne maratayin da asid ke kamawa. Gyaɗa da angurya ba su da shi, sai dai asid ya faɗa wa tagwayen ɗaurin da ke tsakiyar wutsiya, wato inda kabon biyu suka riƙe juna da ɗauri biyu, kuma wannan aikin ya fi zafi, ya fi baƙanta mai, abin da ya fito kuma bai kai na zurma zama a ruwa ba. Alayyadi kuwa a cire shi a wannan layin. Lambar aidin ɗinsa, wadda ke nuna yawan tagwayen ɗauri, 14 zuwa 21 ce kawai, ba OH, ba tagwayen ɗauri na kirki, asid ba shi da wurin kamawa.

Malamin Lab:
Ga yadda ake yi a kan kilo ɗaya, wanda bai kamata mai farawa ya wuce shi ba.

Man zurma giram 1000, tatacce, busasshe. In yana da laima a ɗumama shi zuwa digiri 105 har ƙarar tafasa ta daina, a bar shi ya huce sarai. Salfiyurik asid mai ƙarfin kashi 96 zuwa 98, giram 250. Nauyinsa giram 1.84 ne a kowace mililita, wato mililita 136 ke nan, kada a auna mililita 250 a ce an yi daidai, wannan kusan ninki biyu ne. Mazubi na gilashi mai jure zafi ko roba mai kauri irin ta shuɗin durom, a zaunar da shi cikin baho mai ruwa da ƙanƙara. Ban da alminiyam, ban da baƙin ƙarfe, ban da galbanais.

Asid ake ɗigawa cikin mai, ana juyawa ba tsayawa, ma'aunin zafi na cikin man. A riƙe tsakanin digiri 25 da 30. Ya taɓa 33 a tsaya da ɗigawa, a ci gaba da juyawa har ya sauko. Ɗigawar tana cin awa 3 zuwa 4. Bayan ɗigon ƙarshe a ƙara juyawa awa 2 zuwa 3. Gwaji: ɗigo biyar a rabin kofin ruwa mai ɗumi, a girgiza. Idan ya watsu babu idon mai a sama, an kai.

Wanki: a haɗa ruwan gishiri mai sanyi, giram 100 zuwa 150 a lita, kamar lita ɗaya da rabi. A zuba man a cikinsa a hankali, a juya sannu minti goma, a bari ya kwana a mazubi mai famfo a gindi. Da safe ruwan asid yana ƙasa, mai yana sama. A buɗe famfo a zubar da na ƙasan cikin bokiti mai farar ƙasa ko soda ash kafin ya shiga kwata.

Kashe tsami: kostik soda kashi 20 a ruwa, wadda ta huce, kaɗan-kaɗan, zafi ƙasa da 40, har pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 7.5. Ba a iya faɗin adadinta daga nesa domin ya danganta da yadda wanki ya yi. A ɗebi giram 100 na man a ƙirga mililitan da ya ci, sai a ninka.

Tabarau mai rufe ido ruf, safar hannu doguwa, bokitin ruwa a kusa, wuri mai iska. Wannan asid yana cin fata kafin mutum ya kai ga famfo.

Ɗalibi:
Allah ya saka da alheri Malam. Ruwan batir ba zai yi ba? Shi ma ai salfiyurik ne, kuma ya fi sauƙin samu. Sannan me ya sa ba za a wanke da ruwa zalla ba?

Malamin Lab:
Ba zai yi ba. Ruwan batir kashi 30 zuwa 37 ne asid, sauran ruwa. Shi wannan haɗin duk lokacin da asid ya kama OH ɗaya, ƙwayar ruwa ɗaya yake saki, ruwan kuma shi ke mayar da aikin baya. Ka fara da asid mai ruwa kashi 65, ka kashe aikin tun bai tashi ba, abin da za ka samu shi ne man da ya farfashe ya koma kitse mai tsami.

Ruwa zalla kuwa, ai man ya riga ya koyi shiga ruwa. Ka zuba shi a ruwa zalla zai bi ruwan ya zama kunu, babu sama babu ƙasa, ba ka da abin zubarwa. Gishiri ne ke korar sa ya taso.

Injiniya Kabo:
Ina da gyara biyu a kan bayanin Malamin Lab, da izininsa.

Na farko gishiri. Gishirin miya yana aiki, amma kuloraid a cikin ruwa mai asid yana huda ƙarfe mara tsatsa, ya yi masa ƙananan ramuka a wurin walda. Duk wanda tankinsa na ƙarfe ne ya yi amfani da sodiyam salfet. A ruwa mai sanyi sosai yana komawa ƙanƙara-ƙanƙara ya toshe famfo, don haka a riƙe ruwan wankin wajen digiri 25 zuwa 30.

Na biyu, kwana a wanki. Ban yarda da shi ba a yanayinmu. Littattafan da suka ce a bari ya kwana an rubuta su ne a ƙasashen da ɗaki ke digiri 15. A Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano yana kwana sama da 30. Salfet ɗin nan ɗaurinsa ta oksijin ya bi, kabon, oksijin, sannan salfa, kuma ruwa mai tsami da ɗumi yana kwance shi. Awa goma sha biyu a haka asara ce. Awa 3 zuwa 4 sun isa idan gishirin ya kai, a zubar, a kashe tsami a ranar.

Malamin Lab:
Gyaran farko na karɓa. Na biyu kuwa da sharaɗi, Injiniya. In aka yi gaggawar zubarwa, ruwan asid da yawa yana maƙale a cikin man. Kostik ɗin da za a kashe shi da ita ta ƙaru, ta haifar da sodiyam salfet mai yawa a cikin kayan, bayan kwana biyu ka ga ruwa ya kwanta a gindin jarka ko farin gishiri ya fito. Wannan ma rabuwa ce. Abin dubawa shi ne adadin ruwan da ya fito: ka zuba lita ɗaya da rabi, ka tabbatar abin da ka zubar ya kusa haka. Bai kai ba, a ƙara jira, amma mazubin na cikin ruwan sanyi.

Injiniya Kabo:
To mun haɗu a nan. A auna abin da ya fito, kada a bi agogo. Wanda zai iya ya fara ɗiga asid da asuba, wanki ya faɗo da la'asar, rabuwa ta zo cikin dare.

Dakta Sinadari:
Bari in sa lissafi a kan abin da suke faɗa, domin shi ne amsar tambayar Ɗan Majema ta ƙarshe. Lambar OH ta man zurma wajen 160 zuwa 168 ce, wato kilo ɗaya yana da mol 2.9 na OH, mol kuwa awon adadin ƙwayoyi ne. Giram 250 na asid mol 2.5 ne. A takarda kamar za su cinye juna. A zahiri idan aka auna SO3, wato ɓangaren asid ɗin da ya ɗauru a man, a samu kashi 5 cikin ɗari an yi aiki mai kyau. Kashi 5 na kilo giram 50 ne, a raba da 80, nauyin mol ɗaya na SO3, ya ba da mol 0.6 da ɗoriya. Ma'ana cikin OH biyar ɗaya ne kawai ya samu kai. Sauran man ɗanye ne, waɗanda suka samu kan ne ke goye da shi a cikin ruwa.

Yanzu a bar kayan da ɗan tsami, a ce pH 4.5. Salfet ɗaya ya kwance, ya saki asid. Asid ɗin ya ƙara tsami, tsamin ya kwance na gaba. Abu yana ciyar da kansa. Mako na farko ba a ganin komai, mako na uku masu goyon sun ƙare, mai ya taso. Shi ya sa ake sake auna pH bayan awa 24 da kuma bayan kwana uku, domin yana saukowa da kansa, a ɗaga shi. A auna a haɗin kashi 10 cikin ruwa, takardar pH ba ta karanta mai zalla daidai.

Kishiyarsa kuma, a zarce zuwa pH 9 ko 10 don neman tsira, kostik ta fara cin gilisarayid ɗin, wato ƙwayar man kanta, ta mai da shi sabulu. Ya yi kyau a ido, ya shiga ruwa garau, amma an koma matsalar da aka faɗa wa Hajiya.

Ɗan Majema:
Warin fa? Wani yana fitowa baƙi kamar baƙin mai, da wari mai shaƙe maƙogwaro tun ana haɗawa.

Injiniya Kabo:
Wannan zafi ne ya ƙwace. Sama da digiri 40 asid ya daina ɗaurawa ya koma ƙonawa, warin da ke shaƙewa SO2 ne. A lokaci guda yana cire OH ɗin gaba ɗaya, yana kuma sa wutsiyoyi su kama juna man ya yi kauri. Ba ya gyaruwa.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, sanyi da yawa ma yana kai wa ga hakan. Man zurma ƙasa da digiri 18 ya yi kauri kamar zuma, asid ya fi shi nauyi kusan ninki biyu, sai ya nutse ya taru a gindi bai haɗu ba. Ma'auni na nuna 20, mutum ya saki jiki ya ƙara gudu. Da maburgi ya taso da na gindin, zafi ya yi tsalle lokaci guda. Don haka fiffiken maburgin ya kai kusa da gindi, a kuma riƙa duba cewa kowane ɗigo yana ɗan motsa ma'auni. Ana ɗigawa ma'auni bai motsa ba, alama ce mara kyau, a tsaya.

Kuma kada a ɗauki awon kilo ɗaya a ninka hamsin a durom. Zafin da ake samarwa yana bin yawan kaya, wanda ke fita yana bin faɗin bango. Kilo 50 yana buƙatar tanki mai riga ko bututun ruwan sanyi a ciki, da ƙarin awanni.

Hajiya Mai Turare:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Wannan man zai iya shigar da man turare cikin ruwa, irin na fesa ɗaki da labule? Masu haɗawa suna fama da man da ke tasowa saman kwalba.

Dakta Sinadari:
Zai iya Hajiya, amma yana da launin ja-ja da ƙamshinsa na kansa, zai ɓata farin labule. Naku shi ne man zurma mai PEG-40, wanda ake sayarwa a shagunan kayan sabulu da man shafawa. Shi ma zurma ce, an daskarar da ita da haidirojin sannan aka ɗaura mata itilin oksayid 40. Awo: kashi 3 zuwa 5 nasa ga kashi 1 na man turare, wasu mayukan masu nauyi sai an ƙara. A ɗan ɗumama shi zuwa 40 ya saki, a haɗa shi da turaren su biyu kaɗai har su zama ɗaya, sannan a kawo ruwa kaɗan-kaɗan. Aka fara zuba turare a ruwa, ba zai yi garau ba ko an ninka awon. A sa maganin hana ruɓa, domin ruwa ne ya fi yawa a kwalbar.

Ɗalibi:
Shi wannan na PEG ba a iya yin sa a ƙaramin wuri?

Injiniya Kabo:
Da itilin oksayid, a'a, kuma kada a gwada. Yana tafasa a digiri 10.7, yana fashewa ko babu iska, yana jawo ciwon daji. Ana aikin ne a rufaffiyar tukunya mai matsi, digiri 120 zuwa 180, da KOH kaɗan, bayan an kore iska da naitirojin. Aikin manyan kamfanoni ne, irin BASF mai Kolliphor EL, da a da ake kira Cremophor EL, wanda zurma ce da itilin oksayid 35, har a allurar fakilitaksel ta maganin ciwon daji an yi amfani da shi.

Akwai wata hanyar: a sayi PEG da aka riga aka yi, a haɗa da oleyik asid. Giram 282 na oleyik, giram 400 na PEG 400, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na asid mai hanzarta aiki, digiri 140 zuwa 160, ana hura naitirojin yana kwashe ruwa. Ruwan da zai fita giram 18 ne. Lambar asid, wato awon asid ɗin da ya rage bai haɗu ba, ta fara daga 82, a tsaya in ta sauka ƙasa da 5. Illarsa PEG baki biyu gare shi, don haka rabi ne kawai ke fitowa yadda ake so, kwata ya kama wutsiya biyu ya ƙi ruwa, kwata ya zauna haka nan. A ƙara PEG fiye da awo a rage mai wutsiya biyun. Babu naitirojin kuma, ya yi duhu.

Uwar Sabulu:
Tunda an zo nan, masu feshin man darbejiya a gona su ma suna tambaya ko a yi masa asid ɗin.

Dakta Sinadari:
Kada a taɓa shi. Amfaninsa azadiraktin ne, kuma zafi, da asid mai ƙarfi, da kostik duk suna lalata shi. Mililita 5 na man, mililita 1 zuwa 2 na sabulun ruwa, a dama su tare, a kai lita ɗaya, a fesa da yamma a ranar. Mai son wanda zai zauna a kwalba ya haɗa Tween 80 mai HLB 15 da Span 80 mai 4.3, sinadarai ne masu haɗa mai da ruwa, HLB kuwa lamba ce mai nuna yadda kowannensu ke son ruwa. Yawancin man tsiro wajen 7 yake nema, wato kwata Tween, kashi uku cikin huɗu Span, daga nan a gwada ana matsawa sama.

Mai Fenti:
Ina ta jira a ambaci maleyik anhaidirayid, domin ina ganin ita ce amsar Ɗan Majema, ba salfiyurik ba.

A wajenmu ana dafa ta da man linsid ko na waken suya a digiri 200 zuwa 230, ta kama kusa da tagwayen ɗauri. Giram 200 a kilo ɗaya. A buɗe zoben da ruwa ko barasa, a kashe tsamin da amoniya ko tirai'itilamin, mai ya shiga ruwa. In an shafa, amin ɗin ya tashi, man ya bushe da iska, ruwa ba ya sake narka shi. Irin wannan ne aka fara tsoma jikin mota a ciki da lantarki a shekarun 1960. Lissafin amin: lambar asid sau nauyin kaya sau nauyin mol, a raba da 56100. Kilo ɗaya mai lamba 50 zai ci giram 90 na tirai'itilamin.

Amma zurma ba ta buƙatar wannan zafin, saboda OH ɗinta. A digiri 90 zuwa 100 maleyik tana kama shi kai tsaye, ba ta sakin ruwa, ba abin wankewa. Kilo ɗaya na mai mol 1.07 ne. Giram 105 na maleyik ya ba kowace ƙwaya kai ɗaya, giram 210 ya ba ta biyu. Awa 3 zuwa 4. Da giram 105, lambar asid in an auna da ruwa a ciki tana farawa wajen 109 ta sauko ta tsaya wajen 54, tsayawar ita ce alamar an gama.

Mataki na biyu shi ne ribar. A narka giram 135 na sodiyam salfayit a ruwan ɗumi, a zuba a hankali a digiri 70 zuwa 80, a juya awa 2 zuwa 3. Salfayit ɗin ya hau tagwayen ɗaurin maleyik, salfa ta kama kabon kai tsaye babu oksijin a tsakani. Wannan salfonet ne, tsamin durom ba ya kwance shi, gishirin kurom ba ya tsinka shi da sauƙi.

Malamin Lab:
Hanya ce mai kyau, kuma ana yin man fata da ita. Sai dai a faɗi nata haɗarin. Maleyik tana narkewa a digiri 53, tana tashi ta daskare a murfi da bututu kamar allurai, tururinta yana ƙona ido, yana jawo asma ga mai shaƙa kullum. Buhun da ya sha iska ya koma maleyik asid, ba zai kama OH a wannan zafin ba, lambar asid ta ƙi sauka. Haka man da ke da laima. In kuma aka bar zafi ya haura 140, bakin maleyik na biyu ya kama OH na wata ƙwayar, su sarƙe, tukunya ta daskare kamar roba. Sannan a matakin salfayit, pH ya faɗi ƙasa da 5 SO2 zai tashi, ya haura 8 ɗaurin da ke riƙe maleyik da man ya fara kwancewa. A riƙe shi wajen 6 zuwa 7.

Ɗan Majema:
To wanne zan ɗauka a cikin biyun?

Mai Fenti:
Na maleyik. Ba ƙanƙara, ba ruwan asid na zubarwa, ya fi zama a jarka.

Injiniya Kabo:
Ban ce a yar da na salfiyurik ba. Ƙarfin zaman na maleyik yana iya zama aibi. Man fata ana so ya shiga ciki sannan ya fashe ya zauna a kan zaren. Wanda ya ƙi fashewa yana ratsawa ya bar fata sakwaf, ko ya bi ruwan durom ya fita. Na salfet yana fashewa daidai lokacin da aka sa fomik asid aka sauke pH zuwa 3.6, ya ba da cika da laushi a fuska. Shi ya sa ake gauraya su. Ga fatar akuya ta saman takalmi, a fara da kashi biyu na salfet, kashi ɗaya na salfonet, jimla kashi 5 zuwa 6 na nauyin fata bayan aski, ruwa digiri 55, minti 45 zuwa 60, sannan fomik a kashi biyu ko uku. Fata mai laushin riga ta fi son salfonet da yawa.

Ɗan Majema:
Jimar bagaruwa fa? Ita ba ta jure 55.

Dakta Sinadari:
A tsaya a 40 zuwa 45. Kuma cajin fatar bagaruwa iri ɗaya ne da na man, ba ta fizgar sa kamar ta kurom, yana shiga cikin sauƙi, don haka na salfet kaɗai ya isa, har ana iya ƙara masa ɗanyen man gyaɗa kashi 20 zuwa 30 ya goya. A kiyaye ƙarfe: ɗan tsatsa a cikin man ya haɗu da bagaruwa ya yi baƙin tabo kamar tawada.

Abu biyu game da ɗanyen man da ake ƙarawa. Manja da man kaɗe suna da famitik da sitiyarik da yawa, in kaya ya isa ƙasa mai sanyi sai su fito fuskar fata fari kamar fumfuna. A kusanta ashana, in ya narke ya ɓace kitse ne. Man waken suya da na linsid kuma suna shan iska, su sa fata rawaya da wari, a fatar kurom har su taimaka wajen juya kurom 3 zuwa kurom 6. Tarayyar Turai tun 2015 ta hana kayan fata masu taɓa jiki da kurom 6 ɗinsu ya kai miligiram 3 a kilo. Mai fitar da kaya waje ya tsaya a kan zurma da gyaɗa.

Ɗalibi:
Zurma ba guba ba ce? Masu tatsa a gida fa?

Malamin Lab:
Gubar risin ce, tana cikin ƙwayar da tunkuzar, ba ta bin mai. Tunkuzar kada ta kusanci dabbobi ko yara, ƙurarta kuma tana tayar da asma, a sa takunkumi wurin niƙa. Man da aka tatsa a gida a tace shi da kyau a bar shi ya kwanta, domin dusar da ta rage ita asid ke fara ƙonawa.

Ɗan Majema:
Saura yadda zan gane kayan ya yi kafin in zuba a kan fatar mutane.

Injiniya Kabo:
Kwalabe huɗu masu haske. A dama mililita 10 na man a mililita 90 na ruwa mai digiri 55, mai ake zubawa cikin ruwa ana juyawa, a raba huɗu. Ta farko a bar ta haka. Ta biyu a ɗiga fomik har pH 4. Ta uku a sa mililita 5 na ruwan gishiri kashi 5. Ta huɗu a sa mililita 5 na ruwan kurom kashi 5. A duba bayan awa ɗaya da bayan kwana. Na salfet mai kyau zai wuce ta farko da ta uku, ya jure ta biyu na ɗan lokaci, ya fashe a ta huɗu, kuma hakan ba laifi ba ne, ma'anarsa dai kada a sa shi a ruwan jima. Na salfonet ya kamata ya wuce huɗun. Ya fashe a ta huɗu, salfayit bai gama hawa ba, a mayar da shi wuta awa ɗaya a sake dubawa.

Sannan a ɗebi rabin kwalba na man zalla a ajiye a wuri mai digiri 45 zuwa 50 har mako biyu, ana auna pH duk bayan kwana uku ana rubutawa. Wanda ya sauka fiye da maki ɗaya a wannan lokacin, a ƙara masa wanki a zubi na gaba.